Yadda Ake Ba Da Aiki Waje Idan Sana'a Ta Fi Ƙarfin Hannu Ɗaya

Duk sana'ar da Allah ya sa wa albarka takan kai matsayin da hannun mai ita ba ya iya ɗaukar aikin da ke shigowa. Mai sayar da ɗinkakkun kaya, wanda ya fara da keke ɗaya a zauren gidansu, zai wayi gari wata makaranta ta nemi ya kawo mata kayan ɗalibai saiti ɗari uku kafin a dawo daga dogon hutu. A nan hanya biyu ce a gabansa: ko dai ya ƙaro kekuna ya ɗauki ma'aikata, ko kuwa ya raba aikin ga teloli masu shagon kansu, su ɗinka ya biya su, shi kuma ya kai wa makaranta da sunansa. Wannan hanya ta biyu ita ce ba da aiki waje, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Babbar riga guda takan taso daga hannun mai shadda a Kantin Kwari, ta biya ta wurin tela a Fagge, ta je Zariya a yi mata aikin hannu, ta dawo wurin masu bugu, sannan ta isa ga wanda zai sa ta, alhali shi mutum ɗaya kawai ya sani a cikin dukan waɗannan. Hular da zai ɗora a kai kuwa, mai yiwuwa wata mata ce ta ɗinka ta a cikin gidanta, dillali ya karɓo ya kai kasuwa.

Na shafe shekaru ina ba da ɗinki waje, kuma abin da zan kafa wannan bayani a kansa shi ne cewa amana a wannan harka tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da lissafi. Yawancin waɗanda na ji ana kira maciya amana, da na bi diddigin labarinsu, sai na tarar an ɗora musu farashi ko wa'adin da babu mai iya cika shi da gaskiya.

Abin da za ka fitar da abin da za ka riƙe

Kafin ka nemi wanda za ka ba aiki, zauna ka yi lissafin abin da fitar da aikin zai ci maka. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Ronald Coase, ya yi tambaya a 1937 cewa me ya sa kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata na dindindin, maimakon su riƙa sayen kowane aiki a kasuwa duk lokacin da suke bukata. Amsar da ya bayar, wadda ta taimaka wajen ba shi kyautar Nobel a 1991, ita ce sayen aiki a waje yana da nasa tsadar da ba a gani a rasit: neman wanda ya iya, cinikin farashi, da bibiya har a cika alkawari. Wanda ya taɓa yin sawu huɗu a adaidaita sahu zuwa shagon tela, kowane zuwa a ce masa ya dawo jibi, ya san wannan tsada a jikinsa. Saboda haka idan tela ya faɗi kuɗin ɗinkin riga ɗaya, ka ɗora kuɗin mota, da katin waya, da wunin da za ka rasa a shagonka, da kuɗin gyaran abin da zai dawo a karkace, sannan ka kwatanta jimillar da abin da zai ci maka in ka ɗinka a gida. Aikin da yake zuwa da yawa a lokaci ɗaya sannan ya ɗauke, kamar kayan makaranta ko kayan sallah, shi ya fi dacewa da fitarwa, domin sayen keke goma saboda aikin wata biyu yana nufin za su yi wata goma suna shan ƙura.

Akwai kuma abin da bai kamata ya bar hannunka ba ko da fitar da shi ya fi sauƙi. A ɗinki, wannan abu shi ne yanka. A wurin yanka ne yadi yake tafiya ko ya yi saura, kuma a nan ne ake samun fasalin da ya sa masu saye suka san kayanka. Idan ka yanka a gida, ka ɗaure kowane saiti daban, ka rubuta lambar girmansa, to abin da ka fitar haɗawa ne kawai da sa maɓalli da guga, kuma ba wanda zai ce maka yadi bai isa ba. Abu na biyu shi ne hulɗa da mai saye: kai za ka karɓi awo, kai za ka kai kaya, kai za ka saurari ƙorafi. Kowace sana'a tana da irin nata yankan, kuma mai ita ya fi kowa sanin wane ne.

Zaɓen mutum

Gani ya kori ji. Kada ka ba da aiki saboda samfurin da aka kawo maka har shago, domin kowa yana da riga ɗaya mai kyau da yake nunawa. Je shagon da kanka ba tare da ka sanar ba, kuma ka fi mayar da hankali ga kayan mutane fiye da fuskar mai shagon. Duba yadda aka ajiye yadin wasu: an rubuta suna a jikin kowanne an jera a kanta, ko kuwa an tara su a lungu ɗaya ana zama a kai? Yadda ka ga an yi da nasu, haka za a yi da naka. Ɗauki rigar da aka gama ka juya cikinta, ka ga ko an bi bakin ɗinkin an kashe zare, ka ja aljihu kaɗan da yatsa. Ƙirga kekunan da ke aiki da mutanen da ke kansu, ka tambayi riga nawa suke gamawa a wuni, sannan ka yi lissafi da kanka ko adadin da yake cewa zai iya a mako biyu yana yiwuwa. Ka lura ko yana da janareta ko sola, saboda alkawarin da aka jingina da wutar lantarki kaɗai a garuruwanmu yana da rauni tun daga tushe.

Bayan haka ka yi tambaya a gefe. Mai sayar masa da zare da maɓalli ya san ko yana biyan bashi, maƙwabcin shagonsa ya san ko ana yawan zuwa ana ɗaga murya a ƙofarsa, kuma daɗewar yaransa a wurinsa shaida ce babba, domin wanda yake riƙe haƙƙin yaransa zai wayi gari a tsakiyar aikinka babu kowa a kan keke. Kakanninmu fatake ba sa shiga ciniki a baƙon gari sai ta hannun fatoma, wanda yake sauke baƙo, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ba da kaya bashi, kuma har yau haka ake yi a kasuwannin shanu da na goro. Hikimar tana nan daram: nemi wani dattijo a sana'ar, ko shugaban ƙungiyar telolin unguwar, wanda ku biyun kuke jin nauyinsa, ya san da maganarku tun daga farko. Idan ɗan'uwanka ne za ka ba aikin, to bukatar wannan mutum na uku ta ma fi ƙarfi, domin nauyin zumunci zai hana ka faɗin abin da ka gani, har sai ɓarnar ta yi girman da za ta taɓa zumuncin kansa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka fara da saiti goma ko ashirin, a lokacin da ba ka cikin matsi, ka ga yadda zai yi da wa'adi da kuma yadda zai karɓi gyara.

Farashi

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ne na taɓa faɗuwa. Wata shekara na karɓi aikin kayan makaranta, na zagaya shaguna uku ina neman mai sauƙi, na ba wanda ya yi ƙasa da kowa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ranar karɓa na zazzage buhun farko a kan tabarma, sai na ga wanduna kala biyu na ɗinki: wasu tsaf, wasu kuwa aljihun dama ya fi na hagu tsawo, zaren ma ba launi ɗaya ba. Da na matsa da tambaya, sai ya bayyana cewa ya ga kuɗin ba zai fitar da shi ba, ya raba rabin aikin ga wani shago a wata unguwa a kan farashin da ya fi nawa ƙasa, su kuma suka ɗora wa yara masu koyo. Na kwashi wandunan na kai wa wani tsohon tela da nake girmamawa don ya gyara, ina ta faɗa a kan rashin amanar mutanen yanzu. Ya ɗaga wando ɗaya ya duba a haske, ya tambaye ni nawa na biya. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ɗana, kai ma ka san wannan kuɗin bai kai na zare da mai ba. Da ka ga ya karɓa, ai sai ka tambayi kanka daga ina zai fitar da abincin gidansa." Na ce, "Baba, ai shi ya yarda." Ya ce, "Mai jin yunwa yana yarda da komai, amma keke ba ya yarda."

Tun daga ranar nake yin lissafin wanda zan ba aiki kafin in yi nawa. Ka san tsawon lokacin da riga ɗaya take ci, da zaren da take sha, da man janareta na wuni, da abin da yake ba yaransa, da hayar shago. Idan farashin da kuka yi jinga a kai bai bar masa riba bayan waɗannan ba, to zai nemo ribar ta wata hanya, kuma hanyoyin sanannu ne: ya rage inganci, ko ya matse yadi, ko ya ajiye naka ya yi na wanda ya fi ka biya, ko ya miƙa wa wani a ɓoye. Araha ba ta ado. Wannan matsala ba ta ƙananan shaguna kaɗai ba ce. Ranar 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Savar, kusa da Dhaka a Bangladesh, ya hallaka mutum fiye da 1,100, mafi yawansu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. An ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, amma aka mayar da ma'aikata bakin aiki. Kamfanonin da ake yi wa ɗinkin suna can nesa, amma duniya ba ta karɓi uzurin cewa ba su ne masu ginin ba. Wanda sunansa ke jikin kaya yana da alhaki a kan yadda aka yi su, saboda haka ka sa sharaɗi a fili cewa ba za a miƙa aikinka ga wani shago ba sai da saninka, kuma ka biya farashin da zai sa a iya kiyaye sharaɗin.

Ka kuma bar ƙofar sake duba farashi idan aikin zai ɗauki watanni. Waɗanda suka yi jinga a farkon 2023 sun ga abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, da sakin darajar naira a watan Yuni, lokacin da kuɗin mai da na duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Wanda ya dage sai an cika masa a tsohon farashi ya sami kayansa a makare ko a lalace. Ya fi kyau ku amince tun farko cewa idan mai ko zare ya tashi da wani kaso da kuka ambata, za ku sake zama.

Rubutu

Mutanenmu da yawa suna ganin neman a rubuta yarjejeniya kamar zargi ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ka gabatar da maganar a matsayin kariya gare ku duka, domin mantuwa da mutuwa ba sa sallama. Ba sai an je wurin lauya ba idan aikin ƙarami ne. Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe kwafi, shaidu biyu su sa hannu. A rubuta adadi da girma-girma, da ranar da za a kawo kowane kashi, da farashin guda ɗaya, da abin da aka bayar na kafin alƙalami, da wanda zai ɗauki kuɗin dako. Kalmomi irin su "mai kyau" ko "da wuri" ba su da amfani a takarda, domin kowa da irin fahimtarsa. Abin da yake yanke gardama shi ne samfur: a ɗinka guda biyu iri ɗaya, ku sa hannu a jikinsu da biro, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsa. Duk canjin da ya taso daga baya, ko da a waya kuka yi shi, ka bi shi da saƙon WhatsApp, rubutacce ko na murya, don ya zauna.

A fayyace kuma wanda zai kawo kayan aiki, domin hukuncin ya bambanta. Idan kai ka kawo yadi, ƙwarewarsa kawai ka yi ijara, kuma yadin naka ne har da ƙyallen da ya rage, sai fa in ka yafe. Faɗi matsayinka a kan ƙyalle tun farko, saboda ƙaramin abu ne da yake ɓata manyan hulɗoɗi. Idan kuwa shi zai sayi komai ya kawo maka gamammen kaya, to ciniki ne na abin da ba a riga an ƙera ba, wanda malamai ke kira istisna'i, kuma a nan sai ka ambaci irin yadin da sunansa ka manna ƙyallensa a jikin takardar. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, masu sana'a irin su tela da marini suna lamunin kayan da aka ba su suka tafi da shi wurinsu, wato idan ya ɓata ko ya lalace a hannunsu su za su biya, sai in an sami shaidar cewa ba da sakacinsu ba ne. Ka tabbata wanda kake ba aiki ya san wannan, kuma ku ƙirga yadin tare a gabansa ranar da ka kai.

Biya da wa'adi

Kada ka biya duka a farko, kada kuma ka hana kafin alƙalami gaba ɗaya. Wanda aka biya duka ya rasa abin da zai sa ya gaggauta, wanda kuma ba a ba komai ba da kuɗin wani zai sayi zarenka, sai aikin wancan ya riga naka. Raba aikin kashi-kashi: ka ba da yankakken saiti hamsin da kuɗin da zai isa zare da mai, idan ya kawo ka duba ka biya cikon nan take, sannan ka ba da hamsin na gaba. Ta haka abin da ke hannunsa na dukiyarka ba ya wuce abin da za ka iya jurewa, shi kuma kuɗi yana shigo masa a kai a kai yana sallamar yaransa. Guda goman farko su ne suka fi muhimmanci, domin kuskuren da aka kama a riga ta goma gyara ne, wanda aka kama a ta ɗari uku kuwa asara ce.

Idan aiki ya zo daidai, biya a ranar. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, wani kuma da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Cewa makaranta ba ta biya ka ba tukuna ba hujja ba ce a kansa, domin da kai ya yi jinga. Bayan nauyin addini, akwai amfanin kasuwa a fili: tela mai kyau kullum aiki ya yi masa yawa, kuma abin da kake saye a wurinsa har da matsayi a layi. Idan azumi ya raba tsakiya, shaguna suka cika da kayan sallah, ana kwana a kan keke, wanda za a fara yi wa aiki shi ne wanda ba a taɓa bin sa bashi ba, wanda kuma ya kawo aiki a watannin da kasuwa ta yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan da ake so a Satumba a fara fitar da su tun Yuli, kuma wa'adin da za ka ba tela ya riga wanda ka ba mai saye da aƙalla mako guda.

Idan kuskure ya faru, fara da binciken inda ya samo asali kafin ka ɗora laifi, domin sau da yawa awon da ka bayar ne bai fita ba. Ja mai shagon gefe ku yi magana, kada ka ci masa fuska a gaban yaransa, saboda mutumin da aka kunyata a gaban na ƙasa da shi ba ya sake yi maka aiki da zuciya ɗaya. In laifinsa ne ya gyara da kuɗinsa, in na ku biyu ne ku raba.

Mutum ɗaya ko biyu

Dogara ga shago ɗaya yana kawo sabo da sauƙin farashi, amma rashin lafiya ko gobara ko tafiya aikin Hajji na iya tsayar da kai cak. Ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya na Japan, wadda ita ce ke ƙera wa Toyota kusan dukan wani ƙaramin ƙarfe na birki, har ta kai Toyota ta dakatar da haɗa motoci. Abin da ya cece ta shi ne kamfanoni masu yawa da suka daɗe suna hulɗa da ita sun karɓi zanen ƙarfen suka fara ƙera shi ba tare da jiran a gama cinikin farashi ba, har da kamfanin Brother mai ƙera keken ɗinki, kuma cikin kusan mako guda aiki ya dawo. Darasin da na ɗauka daga nan biyu ne a haɗe. Ka riƙe babban mutum ɗaya da kake ba mafi yawan aiki, da na biyu da kake ba kaɗan a kai a kai don ya san fasalinka, kuma ka sanar da kowannensu da zaman ɗayan, ba don tsoratarwa ba. Sannan ka yi mu'amalar da za ta sa idan ka shiga matsi a ɗaga maka ƙafa kafin a tambayi kuɗi.

Akwai fargabar da kowane mai ba da aiki yake da ita, cewa wata rana telan zai zagaya ya je wurin makarantar kai tsaye. Yana faruwa, kuma takarda ba ta cika hana shi ba. Abin da yake rage shi shi ne ka riƙe yanka da awo da kai kaya a hannunka, ka kuma zama mai kawo aiki duk shekara, ta yadda abin da zai samu a cinikin kaka ɗaya ba zai kai abin da zai rasa ba.

Idan kuma ta kai ga rabuwa, kada ka ɗauke ƙafa shiru. Sanar da shi tun kafin kashi na ƙarshe ya ƙare, domin mai yiwuwa ya ɗauki yara saboda aikinka. Ku zauna gaban dattijon da ya san farkon maganar, a ƙirga abin da aka kawo da abin da ya rage, ka biya cikon da yake binka, ka karɓi samfurinka da sauran yadi da takardun awo, sannan a rubuta a bayan takardar farko cewa babu wanda yake bin wani, ku biyu da shaidu ku sa hannu da kwanan wata.